Shaidar Talauci

A ofishin unguwarmu, nan Catbalogan,
fanka na juyawa kamar mai gyangyaɗi.
Madam Abarquez ta lashi yatsa, ta buɗe rajista.
"Sunan uba?"
Dionisio Labrague.
"Sana'a?"
Su, in teku ya yarda.
"Ba gurbin in teku ya yarda," in ji ta,
ta rubuta masunci, ta doka hatimi.
Peso hamsin na biya
aka shaida ba mu da komai.

Fom ɗin tallafin shafi tara ne.
Yana tambayar abin da ko maƙwabci ke jin nauyin tambaya:
katifa nawa, akwai firji,
rufin kwano ne ko ganyen kwakwa,
wa ke aiko kuɗi daga waje.
Inna na Hong Kong shekara shida
tana goyon 'ya'yan wasu.
Abin da take aikowa ya samu layi na sha huɗu,
bashin dillalin da ya kai ta,
mai lashe rabi tun kuɗin na hanya,
shi ba a yi masa layi ba.

Muka zauna da Baba gaban fitila.
Watan da kifi ya yi albarka, yana tune da shi har ranakunsa.
Watan guguwa, da kwalekwale ya yi sati uku kife a yashi,
ya ce in tsallake.
"Sa dubu tara."
Baba, shida ne.
"Sa tara. Kada mutanen Manila su ɗauka bara muke."
Ta ina zan fara gaya wa mutumin da ya shekara talatin
yana rufa wa gidansa asiri
cewa yau tonon asirin ne kuɗin makaranta?

Shafin ƙarshe na son hoton gida, waje da ciki.
Tun la'asar ya ɗau tsintsiya.
Ya jera tukwanen furen Inna gaban bangon da guguwa ta huda,
ya rataya labulen Kirsimeti a tagar da ba gilashi,
ya zura farar rigarsa ta zuwa coci.
Gida ya fito tsaf, sai ka ce na hedimasta.
Na ɗaga waya, yatsa ya ƙi.
Na ce haske ya tafi, mu bari sai gobe.
Ya dube ni,
ya dubi rana tana nan daram bisa kan kwakwa.
Bai ce uffan ba.

Da dare ina jin tarinsa a baranda.
Ni kuma ina lissafi a duhu:
karatun jinya, shekara huɗu a Tacloban,
albashin da zai sayo wa Inna tikitin dawowa,
a ɗebe mutuncin tsoho ɗaya.
Na juya, na sake juyawa, ya ƙi fita.

Kafin zakara ya yi cara ta biyu
na ji jan tukwane a kan siminti,
a hankali, don kada in farka.
Ko da na fito ya tafi teku.
Furanni sun koma bayan gida,
labule na ninke a kujera,
ramin bango a buɗe, har ana hango tabarmarmu,
bokitin tarar yoyo ma ya mai da shi mazauninsa.
Fom na kan tebur, an danne shi da gwangwanin gishiri.
An soke tara, an sa shida,
da rubutun nan nasa mai kama da ƙugiya.

Hoto uku na ɗauka.
Biyu sun yi rawa.

Yau sati biyar da aikawa, shiru.
Ba ya tambaya, sai dai ya kalli wayata in ta yi ƙara.
Jiya na sunkuya zan dawo da furen Inna gaban gida,
ya ɗago daga ragar da yake ɗinki:
"Bar su tukuna, Nenita,
ko za su turo mai dubawa."